Hura Mai Harafi Biyar

Ranar da ɗan Gwaggo ya tafi ƙauyen nan na bayan Rawayau, da gardama muka rabu. Ni na ce a bari sai ranar kasuwa, lokacin da hanya ke cike da mutane. Shi ya ce ai ranar kasuwa aka fi tare hanya, kuma asibitin ƙauyen ya kwana biyu babu layin intanet. Na ce to ni in je. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da wannan tumbin wane babur ne zai yarda ya ɗauke ni. Taubashina ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, saboda haka bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini ubangidan da ba ya ciyarwa. Haka muke tun muna yara, in an kawo shi hutu daga Maraɗi. Can Gwaggo ta yi aure, can ya tashi, can ya yi bokonsa na Faransanci. Da mahaifinsa ya rasu suka tattaro suka dawo Dutsin-Ma, kuma shi kaɗai gare ta.

Aikinmu haɗa layin intanet ne tsakanin wasu ƙananan asibitocin karkara, ta hanyar eriya mai duban eriya. Kowane asibiti da rautarsa, wato akwatin da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi. Da can da hannu muke rubuta wa kowace rauta hanyarta. In iska ta karkatar da eriya ɗaya, shi ke nan, sai wani ya hau babur ya je ya canza rubutu. Da hanyoyi suka lalace, muka gaji da sayar da rai, sai muka koma wani tsari da ake kira OSPF. A tsarin nan kowace rauta tana sanar da maƙwabtanta halin da layukanta ke ciki, wanne ke tsaye wanne ya faɗi, har kowacce ta haɗa taswirar hanyoyin duka a kanta, ta zaɓi mafi sauƙi da kanta. Amma ba sa fara musayar labari sai sun gaisa sun yarda da juna. Dole lambar yankinsu ta zo ɗaya, tazarar gaisuwarsu ta zo ɗaya, kalmar sirrinsu ta zo ɗaya. In ɗaya ta kuskure, sai su yi ta gaisuwa babu mai amsa wa wani.

Ta Dutsin-Ma da ta Kurfi da ta Birchi duk mun gama da su. Saura ta ƙauyen nan, wadda tsawa ta ƙona tsohuwar. Masu asibitin suka sayo sabuwa, maimakon su biyo da ita ta ofishinmu mu shirya ta a zaune, sai suka wuce da ita can kai tsaye suka ajiye. Wallahi da na ji sai da na yi jifa da hula. Yanzu dole mutum ya je ya zauna gabanta da kebul. Amma in ta shiga tsarin, an gama, daga kujerata zan riƙa shiga cikinta in gyara abin da ya ɓaci. Tafiyar ƙarshe ce ke nan, in an yi sa'a.

Hanyar kuwa kowa ya san dokarta, ba a binta bayan la'asar. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, ta rufe gefe da gefe, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka zo kansa. Mai babur ɗin da muka saba ɗauka a Kurfi magidanci ne mai iyali, ba ya wasa da wannan. Tun kafin ya tada babur ya faɗa wa ɗan Gwaggo cewa da an sallame la'asar zai juyo, da fasinja ko babu. Gwaggo kuma an ce mata Kurfi za shi. Ba a yi mata ƙarya ba, ƙasar Kurfi ce, amma ni da shi mun san abin da muka yi.

Wani abin haushin, a ɗakin da rautar take babu sabis na waya ko ɗigo. Sai mutum ya fita bayan asibitin, ya ratsa wata gonar gyaɗa, ya hau wani dutse, sannan waya ta kama, ita ma tana yi tana yankewa. Duk maganar da za mu yi sai ya hau, duk abin da zai taɓa sai ya sauka.

Bayan azahar ya kira ni daga kan dutsen, yana haki.

"Ubangidan banza, na gama komi. Saura kalmar sirri. Mi za mu sa?"

Kowane layi da tasa kalmar, kuma ƙa'idarmu ba ma tura ta a rubuce. Ina zaune a ofis da kwanon fura a gabana, ludayi a hannu. Na ce, "Sa hura."

"Ciki dai, ciki dai," ya ce. "Allah ya shirye ka." Ya kashe.

Na shiga rautar Kurfi daga kwamfutata, na je kan ƙofar da ke duban ƙauyen, na saka ta cikin yanki, na rubuta kalmar sirri. Sannan na kira jerin maƙwabta. Ga ta Dutsin-Ma, ga ta Birchi, kowacce da FULL a gabanta, alamar sun yarda da juna sun gama musayar taswira. Ta ƙauyen babu. Na ce bari dai, yanzu yake saukowa. Na shanye furata, na wanke kwano, na dawo na sake dubawa. Babu.

Na taɓa ta daga Kurfi in ji ko tana da rai, ta amsa nan take. Eriya lafiya lau ke nan. Ga ta nan kusa, amma ba ni da ikon shiga, domin mun kulle ƙofarta ba ta karɓar kowa sai kwamfutar ofis, ita kuma ba ta san hanyar mayar da amsa ofis ba sai tsarin ya tashi. Tsaron da muka yi da hannunmu shi ya tsare ni a waje.

Ya sake kira. "Ta hito?"

"Ba ta fito ba. Wane yanki ka sa?"

"Sihiri mana. Ni za ka koya ma aiki?"

"Je ka duba da idonka."

Ya yi tsaki ya sauka. Na zauna ina kallon agogon bango ina jin haushin kaina, ina jin haushinsa, ina jin haushin waɗanda suka kai akwati daji ba shawara. Da ya dawo ya ce sifiri ne, kamar yadda ya faɗa. Na ce tazarar gaisuwa fa? Ya ce don Allah in tara tambayoyina wuri ɗaya, shi ba akuya ba ne da zai wuni hawan dutse. Gaskiyarsa. Na lissafa masa duk abin da ya zo kaina, ya sauka, ya daɗe, ya hawo ya karanto mini su ɗaya bayan ɗaya. Komai ya yi daidai da nawa.

In ka san abin da ya ɓaci, da sauƙi. Amma komai daidai kuma abu ya ƙi, ga rana tana tafiya, wannan shi ne tashin hankali.

Ina cikin haka wayata ta yi ƙara, na ɗauka da sauri ban duba ba. Gwaggo ce.

"Ina ɗan'uwanka? Ina ta kira ba ta shiga."

"Yana wajen aiki, Gwaggo. Ɗakin ne babu sabis."

"Cikin Kurfi babu sabis?"

Na ce ginin ne haka. Gwaggo ita ta yi mini wankan jariri, ta san muryata in na ci abinci, ta san ta in ban ci ba. Ta ce, "To. Ka ce masa ya biyo mini da kuka in zai taho." Na ce to. Ta kashe.

Aka kira la'asar a masallacin bayan ofishinmu. Ban taɓa jin kiran salla ya faɗo mini a ƙirji kamar na ranar ba. Na yi alwala na bi jam'i, amma Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kan allon kwamfuta. Ana sallamewa na fito da takalmi a hannu. Waya na ringin tun daga ƙofa.

"Mun yi salla," ya ce. Ina jin kukan babur a bayansa, can ƙasa. "Na roƙe shi ya ƙara man kaɗan. Ya ce kaɗan ɗin dai."

"Bar ta. Nannaɗe kebul ɗinka ka taho."

"In taho in bar ta haka?"

"Na ce ka taho!"

"In na taho, wa za ya dawo? Kai ko ni? Hanyag ga za mu sake biyowa, ka sani. Gara in ƙare da ita yau."

Na zage shi. Ba zagin taubashi ba, zagi na gaske, har mai shagon ɗinki na kusa da mu ya leƙo. Ya bari na gama, sannan ya ce cajin wayarsa ya yi ja, in daina ɓata masa shi da surutu, in nemo abin da ya hana. Ya kashe.

Akwai wani umarni da ke sa rauta ta riƙa faɗin duk abin da ke wucewa tsakaninta da maƙwabta, gaisuwa bayan gaisuwa. Tun ɗazu nake gudunsa, domin rautar Kurfi tsohuwa ce, in ka ɗora mata wannan nauyi takan sandare, in kuwa ta sandare asibitoci uku sun yanke, ni ma na rasa idon da nake gani da shi. Na ce bismillahi na danna. Rubutu ya fara gudu a allo. Na kafa ido har ya yi ruwa. Can sai ga shi, ya fito ya sake fitowa: gaisuwar ƙauyen tana isowa, ana mayar da ita saboda kalmar sirri ba ta zo ɗaya ba. Na kashe umarnin da sauri kafin tsohuwa ta suma.

Kalmar sirri! Kalmar da ko yaron goye ya sani.

Na yi ta kiransa ba ta shiga, yana ƙasa. Da ya hawo layin ya lalace, muryarsa tana zuwa guntu-guntu. Na ɗaga murya na ce, "Kalmar sirri ce! Cire ta gaba ɗaya, ni ma in cire tawa, in ka dawo gida ma saka!" Ya ce, "Mi? Kalmar sirri?" Na ce, "Cire ta!" Ƙit, ta yanke. Na cire tawa na zauna jira. Shiru. Inuwar bishiyar darbejiyar ƙofar ofis ta tsallake kwalta ta kai bangon da ke fuskantarmu. Na tashi, na zauna, na sake tashi.

Da ya kira, ya ce ya goge ta ya sake rubuta ta a hankali, harafi bayan harafi.

"Sake rubutawa? Cewa na yi ka cire!"

"Ban ji haka ba. Rezo ɗin, sabis dai, ya yanke."

Inna lillahi. Na dafe kai. In na ce ya koma ya cire, sauka ce da hawa kuma, ga rana ta yi sanyi, ga waya na shirin mutuwa. Abin da ya fi sauri shi ne in gano abin da ya rubuta, in mayar da tawa irin tasa daga nan. Na ce, "Tsaya nan, kada ka motsa. Mi ka rubuta?"

"Hura."

"Da babban harafi ko ƙarami?"

"Ƙanana duka."

Sai abin ya faɗo mini. Mu nan da baki hura muke cewa, amma in muka ɗauki biro fura muke rubutawa, haka malamin Hausa ya dasa mana da bulala tun firamare. Ni na faɗi ɗaya na rubuta ɗaya, ban ma san na yi ba. Na ce, "Da wane harafi ka fara, na farkon fari ko na farkon hanya?"

"Na hanya mana. Ba hura ka ce ba?"

Na yi wata dariya wadda ba ta daɗi ba. Na maƙale waya a kafaɗa, na rubuta ta da h, na ce masa yanzu zai ji labari. Na kira jerin maƙwabta. Babu. Na jira gaisuwa ta zagayo, na sake kira. Babu. Na sake. Dutsin-Ma, Birchi, sai fili.

A bayansa babur ya yi hon mai tsawo, aka kuma ɗaga murya ana kiransa.

"Ba ta fito ba," na ce. "Don girman Allah mi ka rubuta a cikin akwatin nan?"

"Na hwaɗa maka hura! Hura da aka sha da nono! Harahi biyar ɗin ne za su gagare ni?"

Na ƙirga a yatsuna.

"Nawa ka ce?"

"Biyar."

"Hura harafi huɗu ce, bawan Allah."

"A garinku. Ash, o, u, er, a. Biyar."

Yadda ya kira haruffan ma da bakin Faransanci ya kira su. H, o, u, r, a. Su can haka aka koya musu, in za a rubuta u sai an sa mata o a gaba. Shekara da shekaru muna aiki tare, umarnin rauta duk da Turanci muke bugawa, in za mu yi magana kuma saƙon murya muke tura wa juna. Ban taɓa zama na ga yadda yake rubuta Hausa ba, shi ma bai taɓa ganin tawa ba.

"Ya isa," na ce. "Kada ka koma ɗakin nan don rauta. Ni zan gyara daga nan. Ɗauki jakarka ka hau babur yanzun nan. Ka ji ni? Yanzu!"

Ya fara cewa wani abu, wayar ta mutu a tsakiyar kalma.

Na rubuta houra, na kuskure harafi, na goge na sake. Na danna. Ban kai ga kiran jerin ba rautar da kanta ta turo layi a allo: sabuwar maƙwabciya, FULL. Na buɗe taswira, ga hanyar ƙauyen ta shigo ta zauna cikin 'yan'uwanta. Na gwada shiga rautar can daga kujerata, ta buɗe mini ƙofa. Abin da muka yi wata da watanni muna nema ke nan. Ko daɗi ban ji ba.

Da na fito ƙofar ofis na ɗaga kai na dubi sama. Ina ciki ina fama da haruffa ban lura da yadda rana ta yi ƙasa ba. Ta yi ja, ta sauka bayan rufin shaguna. La'asar ta wuce tun tuni, wannan lokaci ne da ko mutanen ƙauyen sun baro gona. Na kira wayarsa, a kashe. Na kira ta mai babur, ba ta shiga, dama a hanyar babu sabis sai an kusa kwalta. Na lissafa a raina inda za su kai yanzu, na sake lissafawa, duk lissafin yana ajiye su a tsakiyar dawa.

Na taka zuwa tasha, don zama ya gagare ni. Motocin Kurfi suna shigowa ɗaya-ɗaya. Wani direba da na sani ya sauko yana magana da 'yan kamasho, sun kewaye shi. Na matsa. Ya ce a Kurfi ana cewa an ji harbi ta hanyar Rawayau, masu babura da suka nufi can sun juyo. Na ce ta wane wuri? Ya ce shi dai haka ya ji. Na ce an ce an taɓa wani? Ya ce, "Malam, ni ma ji na yi." Na kama ƙarfen rumfa na riƙe.

Gwaggo ta kira. Na kalli wayar har ta gaji ta yanke. Ta sake kira, na sake kallo. Ban taɓa ƙin ɗaukar wayarta ba sai ranar.

Na yi magariba a masallacin tasha. A sujada ban iya haɗa addu'a mai tsawo ba, abu ɗaya nake ta maimaitawa, Allah ka dawo mata da shi. Daga nan na koma ofis, ba don ina da abin yi ba, sai don ban san yadda zan shiga gidan Gwaggo ba. Na zauna gaban kwamfuta. Tagar rautar ƙauyen tana nan a buɗe yadda na bar ta. A ƙasan allon na ga wasu layuka da ba ni na rubuta ba. Rauta tana da hanyar da wanda ya jona kebul a jikinta zai turo saƙo ga wanda ya shigo daga nesa.

"Ban tahi ba. Mai babour ya ƙiya, ya ce lokaci ya wouce. Mouna nan assibiti lahiya. Ka na nan?"

Na karanta, na sake karantawa, sannan na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifina. Da na ɗago na rubuta masa, "Ina nan, bawan banza." Ya amsa cewa da ya sauko mai babur ya dubi rana ya zare makulli, ya ce ko uwarsa ce ke kira ba zai bi hanyar nan yanzu ba. Sun je wurin mai gari neman masauki, mai kula da asibiti kuma ya kulle ɗaki ya tafi salla, sai yanzu aka buɗe masa. Dutsen kuwa babu mai hawansa in rana ta faɗi, kada a hango mutum tsaye da hasken waya.

Na rufe ofis na nufi gidan Gwaggo. Na same ta zaune a kan tabarma a tsakar gida, ba ta tashi daga inda ta yi salla ba, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Ba Kurfi ya je ba," ta ce.

"Bayan Rawayau ne, Gwaggo. Amma yana lafiya. Can zai kwana."

"Ka ji muryarsa?"

"Rubutu ya yi mini."

"To ba ka ji shi ba ke nan. Rubutu kowa na iya yi."

Ban yi mata gardama ba. Na tura masa saƙo na ce ya jona laftof ɗinsa a layin asibitin ya kira ni ta intanet. Muka zauna, ni da ita, waya a tsakaninmu a kan tabarma. Maƙwabta suna ta kwashe tuwo, ana jin ƙarar kwanoni ta bayan katanga. Da wayar ta yi ƙara sai da muka zabura mu biyu. Na buɗe murya na miƙa mata. Muryarsa ta fito tar, ta fi ta kan dutse sau goma.

"Inna."

Ta rufe ido. Na zaci za ta yi faɗa, domin Gwaggo ba ta barin bashin magana. Sai ta ce, "Ka samu abin rufa?" Ya ce an ba su tabarma da bargo. Ta ce, "Kada ka taso sai rana ta ɗaga sosai, sai ka ga wasu sun wuce sun dawo." Ya ce to. Ta ce a ba ta mai babur. Aka ba shi, ta yi ta sa masa albarka, shi da iyayensa da 'ya'yansa, har mutumin ya rasa abin cewa sai amin, amin, Hajiya. Da zan karɓi wayar ta riƙe. Ta ce in bar mata ita a nan, in nuna mata inda ake dannawa in ya kira. Ni ko kallona ba ta sake yi ba.

Washegari tun da sassafe ina ƙofar gidanta a kan dakali. Hantsi ya yi, ya wuce. Duk babur da ya shigo layin sai na miƙe. Sai wajen azahar ga shi a bayan wani ɗan acaba na cikin gari, jakarsa a ƙirji, wandonsa duk laka. Na taso da zagina a baki, na tanade shi tun jiya. Ya sauko ya ba ni hannu, ya riƙe nawa bai saki ba. Bai ce mini ubangidan banza ba, bai taɓa tumbina ba. Cewa ya yi, "Yaya, ina wuni." Tunda muke bai taɓa kirana haka ba.

Na ce lafiya?

Ya waiga ya dubi ƙofar gida, ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Ka san mangwaron nan na bakin rahi, inda hanya ta kan yi kwana?"

Na ce na sani.

"Babur biyu na nan ƙone. Da takalma zube cikin hanya, har da na mace. Mutanen wurin sun ce jiya ne, gab da magariba."

Daga asibitin zuwa mangwaron nan na san nisan, shi ma ya sani, kuma mun san lokacin da wayarsa ta mutu, ina matsa masa ya hau babur ya taho. Daga cikin gida muka ji Gwaggo tana tambaya ko shi ne. Ya saki hannuna, ya goge fuskarsa da hular da ya cire, ya gyara tsayuwa.

"Kada ka hwaɗa ma Inna," ya ce. Sannan ya yi sallama ya shiga.